Yadda Burul Ta Jera Hotunan Shafin Gari

Duk wanda ya taɓa neman takardar haihuwa ko ta fili a garinmu ya san Burul eje, wato yaya Burul, haka muke kiran mace babba. Ita ce mai farin ɗankwalin nan da ta daɗe tana zama bayan tagar ofishin hukumar gari, tabarau a ƙarshen hanci, hatimi kusa da hannun dama. Ba ta da fara'a, ba ta kuma da wulaƙanci. Ka miƙa takardarka, ta duba, ta buga hatimi, ta ce ka gaida mutanen gida. Tun tana budurwa ta shiga ofishin, zamanin da garin duka gonar gwamnati ne, ta fara da tafireta. Ranar da aka kawo kwamfuta daga Bishkek, babban birnin ƙasarmu, maza suka yi cirko-cirko suna kallon abin daga nesa, ita ta ja kujera ta zauna.

'Yar makiyayi ce, a kan dutse aka haife ta lokacin da ake hawa da dabbobi kiwo. Ubanta yakan gane tunkiyarsa da ta ɓace ko da ta shekara a garken wani, ya je ya kama ƙafarta ya ce tasa ce. Burul ba ta gaji tumakin ba, 'yan'uwanta maza suka raba abinsu, amma ta gaji wannan hali. In ka yi mata alheri yana nan a ajiye. In ka yi mata akasinsa, shi ma yana nan. Ba za ta ɗaga maka murya ba, ba kuma za ta manta ba.

Mijinta Duishen ma'aikacin ruwa ne, dogo, marar magana. Kafin aikinsa daga kogi mata ke ɗebo ruwa, in sanyi ya kankama sai an fasa ƙanƙara da gatari, hannayen matan unguwar ƙasa duk a tsattsage. Shi ya hau dutse ya gano idon ruwan da ba ya daskarewa. Shi ya bi gida-gida yana roƙon mutane su fito haƙa, shi ya riƙa wuni a cikin rami yana haɗa bututu, har sanyi ya kama masa ƙirji bai sake shi ba.

A lokacin Kubat bai daɗe da zama shugaban gari ba. Ɗan marigayi Asanali ne, tsohon shugaban gonar gwamnati, shi ya sa yake son a ce masa Kubat Asanaliyevich, a kuma ja sunan sosai. Duishen ya girme shi nesa ba kusa ba. Kubat yana da gonar tuffa a gefen dutse, sai wata rana ya sami Duishen a bakin rami.

"Baike, babban yaya, tunda bututun nan ta kusa da gonata zai wuce, a ɗan karkato da shi mana. Me zai ci?"

Duishen bai ko ɗago ba. "Tuffa za ta jira, Kubat. Matan unguwar ƙasa ne ke fasa ƙanƙara."

Maganar ke nan, ba a ƙara ba. Amma a gaban masu haƙa aka yi ta, wani ma ya yi dariya. Kubat ya koma motarsa yana murmushi.

Ranar da ruwa ya zubo daga famfon farko aka yi biki, aka yanka raguna, Kubat ne mai zaunar da baƙi. Kowa ya san a wurin biki mazauninka da ƙashin da aka miƙo maka su ne darajarka. Babba a can ƙurya yake zama, a tsakiya, yana fuskantar ƙofa, a ba shi kan rago ko ƙashin ƙugu, daga nan a yi ta gangarowa har bakin ƙofa inda samari masu zuba ruwan wanke hannu suke durƙushe. Wuyan rago kuwa ba a miƙa wa baƙo, rabon makiyayi ne da yaran gida. Kubat ya tashi ya yi jawabi mai tsawo kan ruwan da ya kawo wa gari, ya gode wa gunduma, ya gode wa direban motar da ta ɗauko bututu, bai ambaci Duishen ba. A bakin ƙofa ya zaunar da shi, kusa da takalma. Da aka zo rabon nama, ya ɗauki wuya da hannunsa ya ce a miƙa wa mai gyaran famfo.

Dattawan gari duk suna wurin, har da Moldobek aksakal, wato mai farin gemu, wanda ya fi kowa shekaru, kan rago na gabansa. Suka gani. Suka sunkuyar da kai suka ci gaba da cin namansu, don shugaba sabo ne, kowa kuma yana da abin da yake nema a hannunsa.

Duishen ya karɓa da hannu biyu, don haka ake karɓa. Bai ci ba. Ya naɗe shi a takarda, ya zauna har aka shafa addu'a, ya taho gida. Burul tana ɗakin mata ranar, ba ta ga abin da aka yi ba. Ya ajiye ƙunshin a gabanta ya ce, "Ga rabona." Ta buɗe ta ga wuya, ta gane.

Daga ranar bai ƙara taka wurin biki ba, ko na suna ko na aure. In famfo ya lalace ya je ya gyara, ya dawo ya zauna a bakin murhu yana tari. Likita ya ce ciwon ƙirji ne ya kashe shi. Burul ba ta yi musu da likita ba, tana dai da nata ra'ayin.

Bayan kwanakin makoki ta koma ofis, don 'yarsu Tolkun tana makaranta, kuma a garinmu aiki ba a kan hanya ake tsintarsa ba. Ta ci gaba da dafa wa Kubat shayi. Ta ci gaba da buga masa jawabansa, kuma babu jawabin da ba ya cewa "ruwan da na kawo wa garin nan". Da yatsunta take buga wannan layi, shekara da shekaru, ta kai masa ya sa hannu, ya ce, "Madalla, eje, ba kuskure ko ɗaya." Mutane suka riƙa cewa Burul akwai haƙuri. Haƙurin me? Ta tsani mutumin nan tsana mai tsanani, har tarinsa ta tsana in ta jiyo daga ɗaya ɗakin. Jira take yi, ba ta dai san me take jira ba.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama, wai kowace hukumar gari ta buɗe shafinta na intanet, mutane su daina shan tafiya don tambayar abin da za su iya gani daga gida. Rabin samarin garinmu suna Rasha suna aikin gini, Tolkun ma tana can tana ɗinki, su ne suka fi kowa buƙata. Aka ce kowane gari ya turo mutum ɗaya kwas a babban garin gunduma. Kubat ya duba ofis ya ga ba wanda ya san inda ake kunna kwamfuta sai Burul, ya tura ta.

Wata mata ce daga Bishkek take koyarwa, sa'ar Tolkun. Ɗakin cike da sakatarorin garuruwa, mafi yawansu hankalinsu na kan kasuwa, suna so a tashi su sayi yadi kafin mota ta tafi. Bayan an ci abincin rana, ana ta hamma, malamar ta ɗaga wayarta sama.

"Ku kula da nan, don nan ake yin kuskure. A kwamfuta kun jera abu uku, hagu, tsakiya, dama. To waya siririya ce, ba za su shige ta a jere ba, sai ta ɗora su ɗaya kan ɗaya. Na hagu shi ke hawa sama, na tsakiya ya bi shi, na dama ya koma ƙasa. Mutanenku kuma duk da waya za su duba."

Burul ta ɗaga hannu. "Maimaita, 'yata."

"Wanne, eje?"

"Na hagun."

Malamar ta maimaita, har da jin daɗin ta sami mai saurare. Ta kuma nuna musu yadda ake sauya jerin in ana so, Burul ta koyi wannan ma ta ajiye. A motar komawa gida matan suna ta buɗe yadinsu suna gwadawa, ita tana kallon duwatsu ta taga. Wata ta taɓa ta ta ce, "Burul eje, lafiya kike murmushi ke kaɗai?" Ta ce lafiya lau.

Aka fara zaman tsara shafi a ofishin Kubat. Shi da Burul, da shugabar makaranta, da Sagin likitan dabbobi. Sagin sa'ar Kubat ne, benci ɗaya suka zauna a aji, shi kaɗai ke iya gaya masa magana ya kwana lafiya.

"Abu na farko," in ji Kubat, "hotona. Wanda nake kan doki."

"Dokin dai ya fito da kyau," in ji Sagin. "Ni na yi masa allura."

"Rufe mana baki, likitan jakai."

"Ni a yi mini shafin dabbobin da suka ɓace, kowa ya sa hoton saniyarsa. Ranar Litinin kuma sai mu sa naka, ko Allah ya sa wani ya tsince ka, tunda ba a ganinka a ofis."

Haka aka yi ta yi har makonni. Kubat yana son ja da ruwan zinare ko'ina, shugabar makaranta ta ce zai yi kama da akwatin amarya. Aka wuni ana gardama kan ko a sa hoton dutse ko na kogi, aka tashi ba a sa ko ɗaya ba. Kubat ya rubuta jawabin maraba da ya fi na ranar biki tsawo. Burul ba ta sa baki, in sun gaji sun tafi sai ta zauna ta yi aikin.

A faɗi gaskiya, shafin ya yi kyau, don ba wanda ya kai ta sanin abin da ke kawo mutane tagar nan. Ta sa takardun da mutum zai riƙo kafin ya taho neman shaidar haihuwa, don kada tsohuwa ta sauko daga dutse a ce ta koma ta ɗauko wani abu. Ta sa ranakun allurar dabbobi da ranar da za a ɗauke ruwa. Ta yi wa Sagin shafin shanunsa. Ta buɗe wurin sanarwar rasuwa, don 'yan garinmu da ke Rasha su ji da wuri su samu jana'iza. Rubutun ma ta ƙara masa girma saboda masu raunin ido. Ba ta yi wa garin ha'inci ko kaɗan ba. Saman shafin farko kawai ta bari fili, har zaman ƙarshe.

"Kubat Asanaliyevich," ta ce, ta ja sunan yadda yake so, "an gaya mana a kwas bai dace shugaba ya tsaya shi kaɗai a saman shafi ba, sai ka ce marar dangi."

Ba wanda ya faɗi haka a kwas.

"Babba a tsakiya yake zama, da mutane hagu da dama. Na ga ya kamata mahaifinka ya kasance a gefenka."

Kubat ya washe baki. Ya gyara zama, ya dubi Sagin. "Ka ji masu tunani. To ɗaya gefen fa?"

"Tunda da ruwa aka san garin nan, na sa baban Tolkun."

Ta juyo da kwamfutar suka gani: Kubat a tsakiya, ƙato, a kan doki. Ubansa Asanali a hagu da lambobin yabo a ƙirji. Duishen a dama, hoton katin aikinsa ne, shi kaɗai gare ta, da tsohuwar rigar sanyi da ido a ƙanƙance.

Kubat ya daɗe yana kallo. Ba zai ce wa matar mamaci ta cire mijinta a gaban mutane ba. Ban da haka ma, da ya ƙara dubawa sai abin ya yi masa daɗi, Duishen a tsaye gefensa kamar mai riƙe masa linzami. Burul ta san zai ji haka. Ta kuma san abin da zai ce daga nan, don wanda ka dafa wa shayi shekaru ka san inda yake da ƙaiƙayi.

"Ba laifi, eje. Marigayi ya yi mana 'yar hidima. Amma ubana a hagu? Ina aka taɓa yi? Mayar da tsoho dama. Shi wancan jefa shi hagu."

"Hagu, Kubat Asanaliyevich?"

"Kin kurumce ne? Hagu na ce."

Ta ja hoton ta kai shi hagu. Sagin ya dubi ƙasa, shugabar makaranta ta hau gyaran jakarta, duk suna jin tausayin baiwar Allah. Kubat ya ƙara da cewa kada kowa ya ga shafin nan sai ranar buɗewa, shi da kansa zai danna a gaban baƙi. Burul ta ce wannan shawara ce mai kyau, kuma tun da take da shi ba ta taɓa faɗa masa haka da zuciya ɗaya ba sai ranar.

Da ta koma gida da la'asar ta zauna a bakin murhu, ko takalmi ba ta cire ba, ta buɗe shafin a wayarta, don ita kaɗai ke da hanyar shiga. Duishen ne ya fara fitowa, ya cika fuskar wayar. Sai da ta tura shi sama da yatsa sannan hular Kubat ta leƙo daga ƙarƙashinsa, can ƙasa kuma tsoho Asanali da lambobinsa, a ƙarƙashin kofaton dokin ɗansa. Ta dawo da Duishen ta zuba masa ido. Daɗi ya kama ta, tsoro ma ya kama ta. Saura kaɗan ta yi ritaya, a yi mata walima, a ba ta dardumar bango kamar yadda ake wa kowa. Ta san in abin nan ya fashe babu walima babu darduma. Ta auna, ta ga dardumar ba ta kai ba.

A zauren makaranta aka yi bikin buɗewa. Aka yi shimfiɗa, aka zuba soyayyen burodi da man shanu da zuma, nama na dahuwa a waje. Mataimakin shugaban gunduma ya zo, aka zaunar da shi a ƙurya tsakanin Kubat da Moldobek aksakal, wanda yanzu sai an riƙe shi yake tafiya. Burul tana can ƙarshe wajen tukunyar shayi tana zubawa ana miƙawa. Aka haska majigi a bango. Kubat ya tashi da sabuwar farar hula, ya yi jawabi, ruwan da ya kawo ya fito a ciki kamar kullum, sannan ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya danna.

Bango ya cika da shi. Ga doki, ga hula, ga ubansa a dama, ga Duishen can hagu. Aka yi tafi. Kubat ya dafa ƙirji yana juyawa ko'ina.

Baƙon gunduma ya ce, "To, ai ba don bango aka yi shi ba. Kowa ya fito da wayarsa ya buɗe mu gani."

Aka shiga lalube aljihu. Burul ta ajiye butar shayi a hankali.

Daga wajen mata abin ya fara, 'yar ƙus-ƙus. Wata ta miƙa wa ta kusa da ita waya, waccan ta rufe baki da gefen ɗankwali. Maza suka riƙa tura yatsa sama, su dawo da shi ƙasa, su dubi bango, su dubi waya. Sagin ne ya kasa riƙewa.

"Kai, Kubat! Ka hau kan babanka da doki!"

Dariya ta so ɓarkewa, mutane suka haɗiye ta da tari. Kubat ya fizgi wayar na kusa da shi ya duba. Burul tana kallonsa. Ta ga wuyansa ya yi ja, jan ya hau har kunne, ta ga gumi ya keto daga ƙarƙashin sabuwar hula. Abin da ta jira ke nan, kuma ya kai yadda ta zata, har ya fi.

Moldobek aksakal ya ce a nuna masa abin da ake kallo. Aka kai masa waya dab da ido. Ya daɗe yana dubawa.

"Duishen ne wannan," ya ce. "Duishen ne a sama."

Ya juya ya kama hannun Kubat da nasa biyu. "Ɗana, ashe kana da zuciya haka? Ka ɗora bawan Allahn nan sama da kanka, har sama da mahaifinka? Wallahi mun daɗe muna jin nauyin mutumin nan, ba wanda ya iya buɗe baki. Yau ka wanke mu. Asanali ya haifi ɗa."

Wanda duk ya san Kubat ya san ba a banza ya daɗe a kujera ba. Kafin tsohon ya rufe baki ya gyara fuska. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai.

"Abin da ya kamata ne, aksakal. Na daɗe da shi a raina. Na ce bari dai in yi shi ba tare da surutu ba."

Zauren ya ɗauki sowa. Baƙon gunduma yana gyaɗa kai, yana cewa zai ba da labarin nan a sama. Moldobek ya ɗaga tafukansa ya ce a yi wa Duishen addu'a, a sa wa shugaba albarka.

Wannan kam Burul ba ta shirya masa ba. Ta yi tunanin zai yi ihu, ta yi tunanin zai kore ta, duk ta yarda. Amma a ce mutumin nan ya ci ruwan Duishen, yau kuma ya haɗa da hotonsa ya cinye, a sa masa albarka a kai? Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Aksakal, sauke hannunka tukuna."

Ba a taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba. Kowa ya waiwayo.

"Ba shi ya yi ba. Ni na yi. Da bakinsa ya ce in jefa Duishen hagu, don a ganinsa hagu ce wurin banza. Bai san waya daga hagu take fara jerawa ba, ni na sani, shi ya sa na bar shi ya zaɓa. Ga Sagin nan, a gabansa aka yi."

Idanu suka koma kan Sagin. Ya sosa ƙeya. "Ni dai likitan dabbobi ne, eje, amma kunnen mutane gare ni. Jefa shi hagu, haka ya ce."

"Eje," in ji Kubat, murya ƙasa-ƙasa, "zauna. Kin gaji ne."

"Na gaji kam. Na gaji da buga maka ƙarya kana sa hannu. Wane ruwa ka kawo? Ko cokali ɗaya na ƙasa ka taɓa haƙawa a ramin nan?" Ta juya wajen dattawa. "Ku ma kada ku ce an wanke ku. Kuna zaune aka miƙa wa mijina abin da aka miƙa masa, kuka duƙa kuna suɗe ƙashi. Aksakal, kai ne a ƙurya ranar."

Hannayen Moldobek suka sauka kan gwiwa.

"Gyara shi ba wani aiki ba ne, an koya mini. Kafin shayin nan ya huce zan iya sauko da Duishen in mayar da shugaba sama. To ga shugaba, ga jama'a, ga baƙo. Ya faɗa da bakinsa kowa ya ji. A sauke shi, ko a bar shi?"

Kubat ya dubi baƙon gunduma, baƙon ya ga wani abu mai muhimmanci a cikin kofinsa. Ya dubi dattawa, ba wanda ya ɗago. In ya ce a sauke, ya sauke mamacin da aka riga aka ɗaga wa hannu, kuma kafin magariba labarin ya isa Rasha. In ya ce a bari, duk wanda ya buɗe waya don neman ranar allurar saniyarsa sai ya fara gaida Duishen kafin ya gangaro wajensa. Aka ji wata tsohuwa daga unguwar ƙasa ta ce, ba da kowa take ba, "Mu dai mun san wanda ya raba mu da gatari."

"A bar shi," in ji Kubat.

"Ban ji ba."

"Na ce a bar shi!" Ya goge goshi da bayan hannu. "Ke kuma daga Litinin kada in ga ƙafarki a ofis."

"Me zai kai mu Litinin?" Ta zaro makullin ofis daga aljihun rigarta ta ajiye a kan shimfiɗa, tsakanin zuma da burodi. Sannan ta koma wurinta ta zauna, ta gyara ɗankwali.

"To aksakal, yanzu ƙarasa addu'arka. Ta Duishen kaɗai. Shugaba ma ya ɗaga hannu."

Tsohon ya ɗaga tafukansa, zauren duka ya bi shi. Na Kubat ne suka zo a ƙarshe, a hankali, sai da Sagin ya zungure shi da gwiwar hannu. Moldobek ya ambaci Duishen da sunan ubansa, ya ce shi ne ya kawo wa garin nan ruwa, Allah ya shayar da shi. Aka ce amin, Kubat ma ya ce, don baƙo na jinsa.

Burul ta ɗaga nata hannayen kamar kowa. Amma Allah ya yafe mata, ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma bi addu'ar mijinta da zuciya ba. Bakin Kubat take kallo, don ta tabbatar ya motsa, kuma har aka shafa ba ta ɗauke ido daga kansa ba.